Ɗaliban Jami'o'in Amurka Da Sha'anin Siyasa

Akwai wata tsohuwar gardama wadda ba ta ƙarewa tsakanin masu kula da sha'anin ilmi, watau ko ya dace ɗalibi ya sa baki cikin al'amuran mulkin ƙasarsa, ko kuwa abin da ya fi masa shi ne ya rungumi littafinsa ya bar wa manya zancen siyasa. Waɗansu suna cewa yaron da aka kai makaranta karatu aka aike shi, in ya ƙare ya karɓi takardarsa sa'an nan ya faɗi abin da ya ga dama. Waɗansu kuwa suna cewa ba ya yiwuwa ka koya wa mutum rarrabe gaskiya da ƙarya, sa'an nan ka ce masa ya rufe ido in ya ga ana zalunci a ƙofar makarantarsa. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarin wata ƙasa wadda ta daɗe tana fama da wannan gardama, watau Amurka, don su ga yadda abin ya gudana a can tun daga farko, da abin da ɗaliban suka samu, da abin da suka rasa, da rayukan da suka salwanta a tsakani.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe cikin wannan dogon labari guda ɗaya ne. Duk sa'ad da ɗaliban Amurka suka tashi da bukata sananniya wadda kowa zai iya fahimta, suka kuma kame hannunsu daga ɓarna, galibi sukan kai ga biyan bukata ko da an daɗe. Sa'ad da kuwa fushi ya rinjaye su har suka kai hannu ga wuta, sai jama'ar gari su juya musu baya. Hukuma ita ma tana da nata rabo cikin darasin, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Mafarin Al'amarin

Jami'ar da ta fi kowace tsufa a Amurka ita ce Harvard, wadda aka kafa a shekarar 1636 tun ƙasar tana hannun Ingila. A nan aka yi wani bore a 1766 wanda masu tarihi ke yawan ambata a matsayin na farko, kuma ba a kan komai aka yi shi ba sai a kan man shanu. Ɗalibai suka ce man da ake ba su ya lalace har yana wari. Wanda ya kai kukan aka hore shi, sai 'yan'uwansa suka haɗa kai suka ƙaurace wa ɗakin cin abinci. Mai karatu zai yi dariya, amma duk wanda ya taɓa riƙe makarantar kwana ya san cewa rikicin ɗalibai sau da yawa daga tukunya yake farawa.

Boren da ya taɓa siyasa sosai ya zo ne a 1834, a wata makarantar horon malaman coci mai suna Lane, a birnin Cincinnati na jihar Ohayo. A zamanin nan ana bautar da baƙaƙen fata a jihohin kudu, kuma kogi ne kaɗai ya raba birnin da jihar Kentucky inda ake bauta. Ɗaliban, bisa jagorancin wani Theodore Weld, suka yi dare 18 suna muhawara a kan bauta, a ƙarshe suka tsaya a kan cewa lalle a 'yanta bayi ba tare da jinkiri ba. Ba su tsaya ga fatar baki ba, suka shiga unguwannin baƙaƙen fata na birnin suna koya musu karatu. Hukumar makarantar ta ji tsoron fushin mutanen gari, ta rushe ƙungiyarsu. Ɗalibai da yawa suka ɗaure kayansu suka fita, waɗansu suka koma kwalejin Oberlin a 1835, bisa sharaɗin za a bar su su faɗi ra'ayinsu, za a kuma karɓi ɗalibi ba tare da duban launin fatarsa ba. Sai da aka yi shekara 30 bayan wannan, aka kuma gwabza yaƙin basasa, kafin a haramta bauta a 1865.

A 1925 kuma ɗaliban jami'ar Fisk ta birnin Nashville, wadda ta baƙaƙen fata ce, suka yi yajin karatu na makonni da dama, domin shugabanta, wani Bature mai suna Fayette McKenzie, ya hana su jarida da majalisar ɗalibai, ya kuma kira musu 'yan sandan gari. Ba a ƙare shekarar ba sai da ya ajiye aiki.

Cikin shekarun 1930, sa'ad da matsin tattalin arziki ya kama duniya, aka kuma fara jin ƙanshin sabon yaƙi a Turai, ɗaliban Amurka suka riƙa fita daga aji na sa'a guda a kowane watan Afrilu, suna rantsuwa ba za su yi wa gwamnati yaƙi ba. Sun fara a 1934, zuwa 1936 an ƙiyasta waɗanda suka fita sun kai rabin miliyan. Amma da Japan ta kai wa Amurka hari a 1941, da yawa daga cikin masu rantsuwar nan suka sa kakin soja. Wannan ya nuna cewa yawan jama'a a bayan magana ba shi ke tabbatar da ita ba, zamani yana iya zuwa ya shafe ta.

Samari Huɗu A Kantar Abinci

Bayan yaƙin duniya na biyu jami'o'in Amurka suka cika maƙil. Wata doka ta 1944 ta ɗauke wa tsofaffin sojoji kuɗin makaranta, fiye da miliyan 2 daga cikinsu suka shiga kwalejoji. Ɗaliban manyan makarantu sun kai kimanin miliyan 3 da rabi a 1960, zuwa 1970 kuwa sun haura miliyan 8. Duk da haka shekarun 1950 sun wuce shiru, domin zamani ne da ake farautar duk wanda aka zarga da ra'ayin kwaminis, kowa yana tsoron a ɓata masa suna ya rasa aiki.

Shirun nan ya ƙare ran 1 ga Fabrairu, 1960, a garin Greensboro na jihar Carolina ta Arewa. A jihohin kudu a lokacin, baƙar fata yana iya shiga kanti ya sayi kaya da kuɗinsa, amma ba shi da ikon zama a kantar cin abinci ta wannan kanti a kawo masa ko da kofi guda. Rannan sai ga samari huɗu 'yan ajin farko na wata kwalejin koyon aikin gona da sana'a ta baƙaƙen fata, su ne Ezell Blair, da Franklin McCain, da Joseph McNeil, da David Richmond. Suka shiga kantin Woolworth, suka sayi 'yan kayayyaki, suka zauna a kanta suka nemi kofi. Aka ce ba a sayar wa irinsu. Ba su yi zagi ba, ba su kuwa tashi ba, har aka rufe kanti. Kashegari suka komo da waɗansu, kafin mako ya zagayo sun zama ɗaruruwa, kafin ƙarshen Maris wannan zaman dirshan ya bazu zuwa garuruwa fiye da 50.

Ya kamata a tuna cewa samarin nan suna jin labarin abin da ke faruwa a Afirka. Gana ta sami mulkin kai a 1957 ƙarƙashin Kwame Nkrumah, wanda shi kansa a jami'ar Lincoln ta Amurka ya yi karatu, kamar yadda Nnamdi Azikiwe ya yi kafinsa. A 1960 ɗin nan kuwa ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yanci, har da Nijeriya da Nijar. Wanda ya ji ɗan'uwansa ya karɓi mulkin ƙasa, da wuya ya ci gaba da haƙurin a hana shi kujerar shan kofi.

To, kada mai karatu ya zaci abin nan da ka aka yi shi, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A Nashville akwai wani ɗalibin ilmin addini mai suna James Lawson, wanda ya zauna a Indiya ya nazarci hanyar Gandhi. Tun kafin 1960 yake tara ɗalibai da dare yana koya musu yadda za su daure. Sukan raba kansu biyu, waɗansu su zauna, waɗansu su riƙa zaginsu suna ture su, don kowa ya gwada zuciyarsa tun ranar ba ta zo ba. Suka rubuta wa kansu dokoki: a yi shiga mai tsabta, a zauna daidai, a yi wa kowa ladabi, in an doke ka kada ka rama. Da ranar ta zo, 'yan iskan gari suka far musu da duka, amma waɗanda aka doka ɗin su 'yan sanda suka kama. Hoton ya fita a jaridu da talabijin, kowa ya ga mai littafi a zaune da mai dunƙule hannu a tsaye, ba sai an gaya masa wane ne azzalumi ba.

Ran 19 ga Afrilu aka jefa bom gidan lauyan da ke kare ɗaliban. Dubban mutane suka yi tattaki shiru har ofishin magajin gari, Ben West. A nan wata ɗalibar Fisk mai suna Diane Nash ta tambaye shi a bainar jama'a ko daidai ne a hana mutum abinci saboda launin fatarsa, ya amsa cewa ba daidai ba ne. Ga kuma hasarar ciniki, domin baƙaƙen fata sun daina sayayya a manyan kantuna. Ran 10 ga Mayu kantunan Nashville suka fara karɓar kowa, Woolworth na Greensboro ya bi sahu ran 25 ga Yuli.

Daga Kanta Zuwa Akwatin Zaɓe

Cikin watan Afrilu na 1960 wata dattijuwa 'yar gwagwarmaya mai suna Ella Baker ta tara shugabannin ɗaliban a jami'ar Shaw, suka kafa ƙungiyar da aka sani da suna SNCC, wadda aƙidarta ita ce neman haƙƙi ba da tashin hankali ba. Ta ba su shawara su tsaya da ƙafafunsu, kada su zama reshen ƙungiyoyin manya. A 1961, sa'ad da waɗansu baƙaƙe da farare suka shiga motocin safa tare zuwa kudu don su gwada hukuncin kotun ƙoli na hana wariya a tashoshi, aka ƙone musu mota kusa da garin Anniston na jihar Alabama ran 14 ga Mayu. Tafiya ta so ta tsaya, sai ɗaliban Nashville suka karɓe ta. Aka ɗaure fiye da mutum 300 a jihar Misisipi, amma kafin shekara ta ƙare gwamnatin tarayya ta ba da umarni a cire allunan wariya daga tashoshi.

Daga nan suka juya ga babbar magana, watau ƙuri'a. A Misisipi a 1964, cikin baƙaƙen fata 100 da suka isa zaɓe, waɗanda aka yarda suka yi rajista ba su kai 7 ba. Cikin hutun bazarar shekarar nan masu aikin sa kai wajen 1,000, yawancinsu ɗalibai farare daga jami'o'in arewa, suka sauka jihar suna bi gida gida suna koya wa mutane yadda ake rajista, suka kuma buɗe makarantun wucin gadi. Ran 21 ga Yuni 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, da haɗin bakin wani mataimakin shugaban 'yan sandan gunduma, suka kashe uku daga cikin ma'aikatan, su ne James Chaney, da Andrew Goodman, da Michael Schwerner. Sai bayan kwana 44 aka tono gawarwakinsu. Sauran ba su gudu ba. A watan Yuli na 1964 aka sa hannu a dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a, a watan Agusta na 1965 kuma aka sa hannu a dokar kare haƙƙin zaɓe. Zuwa 1967 baƙaƙen fatan Misisipi masu rajista sun kusa 60 cikin 100. Ba ɗalibai kaɗai suka jawo wannan ba, akwai Martin Luther King da malaman coci da lauyoyi da talakawan ƙauye, amma hannun ɗalibai a ciki ba mai musunsa.

'Yancin Magana A Berkeley

Waɗanda suka komo daga Misisipi sun komo da sabon ido. Ɗaya daga cikinsu shi ne Mario Savio na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Da aka koma karatu a watan Satumba na 1964, sai hukumar jami'ar ta hana ɗalibai kafa tebur a bakin ƙofa suna raba takardun siyasa da tara gudummawa. Ran 1 ga Oktoba 'yan sanda suka kama wani tsohon ɗalibi, Jack Weinberg, a kan irin wannan tebur, suka sa shi a mota. Nan take ɗalibai suka zazzauna kewaye da motar, ta yi sa'a 32 ba ta motsa ba. Savio ya hau kanta don ya yi jawabi, amma sai da ya tuɓe takalmansa tukuna don kada ya ɓata kayan hukuma. A farkon Disamba suka mamaye ginin ofisoshin jami'ar, aka kama kusan 800. Ran 8 ga watan majalisar malaman jami'ar ta jefa ƙuri'a, 824 suka goyi bayan bukatar ɗalibai, 115 suka ƙi, aka janye hanin.

Amma nasarar nan ta zo da kuɗinta. Mutanen jihar da yawa, waɗanda da harajinsu ake riƙe jami'ar, ba su ji daɗin abin da suke gani ba. Ronald Reagan ya yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin zai gyara Berkeley, ya ci gwamna a 1966, a watan Janairu na 1967 aka sallami shugaban jami'ar, Clark Kerr.

Yaƙin Biyetnam Da Rabuwar Kai

Abin da ya fi komai tayar da jami'o'in Amurka shi ne yaƙin Biyetnam. Dalili kuwa a fili yake, domin a lokacin ana ɗaukar samari soja a kan dole. Ɗalibi yakan sami jinkiri muddin yana makaranta, saboda haka nauyin ya fi faɗawa kan 'ya'yan talakawa, shi kuma ɗalibi ya san yana ƙarewa takardar kira na jiransa. A watan Maris na 1965 malamai da ɗaliban jami'ar Mishigan suka kwana suna lacca da muhawara a kan yaƙin, wannan dabara ta yaɗu ko'ina. A watan Afrilu wata ƙungiyar ɗalibai masu neman gyaran dimokuraɗiyya, wadda ake kira SDS, ta tara wajen mutum 20,000 a Washinton.

Da yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sojan Amurka a Biyetnam suka haura 500,000 a 1968, sai haƙuri ya fara ƙarewa. A watan Afrilu na shekarar nan ɗaliban jami'ar Kolambiya ta birnin Niyok suka mamaye gine-gine biyar, suna ƙin alaƙar jami'ar da binciken kayan yaƙi, da kuma wani ɗakin wasanni da take ginawa a filin shaƙatawa na maƙwabtanta baƙaƙen fata. Suka tsare wani babban jami'i a ofishinsa yini da kwana. Ran 30 ga wata 'yan sanda suka shiga da kulake, aka kama wajen 700, aka ji wa mutane da yawa rauni. An fasa ginin, shugaban jami'ar ya sauka, amma hoton da jama'a suka gani a wannan karo ya bambanta ƙwarai da na Nashville.

A 1969 ƙungiyar SDS ta dare. Wani ɓangare nata ya shiga ɓoye ya kama haɗa bama-bamai, har ran 6 ga Maris, 1970, bom ya tashi da uku daga cikinsu a wani gida a Niyok. A watan Agusta na shekarar waɗansu samari suka dasa bom a wani gini na jami'ar Wisconsin inda ake yi wa soja bincike, suka kashe Robert Fassnacht, wani mai binciken kimiyya, mahaifin yara uku, wanda ba ruwansa da aikin soja. Masu irin wannan aika-aika 'yan ƙalilan ne in an gwada da kimanin mutum miliyan 2 da aka ƙiyasta sun fito lami lafiya ran 15 ga Oktoba, 1969, suna neman a daina yaƙi. Amma wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ranar Da Aka Buɗe Wuta

Yanzu sai mu juya ga rabon hukuma. Ran 30 ga Afrilu, 1970, Shugaba Nixon ya ba da sanarwar sojansa sun shiga Kambodiya. Jami'o'i suka ɗauki zafi. A jami'ar Kent ta jihar Ohayo aka ƙone ginin horon soja na ɗalibai ran 2 ga Mayu, gwamna ya aiko da dakarun jiha. Ran 4 ga Mayu da tsakar rana dakarun nan suka harba harsashi 67 cikin daƙiƙa 13 a kan ɗalibai marasa makami. Huɗu suka mutu, tara suka ji rauni. Biyu daga cikin mamatan ma ba sa cikin zanga-zangar, aji za su. Bayan kwana 11 'yan sanda suka buɗe wuta a kwalejin Jackson ta baƙaƙen fata a Misisipi, suka kashe biyu. Tun kafin wannan, a watan Fabrairu na 1968, an kashe samari uku baƙaƙen fata a wata kwaleji a garin Orangeburg, amma labarinsu bai sami shiga jaridu kamar na Kent ba, wannan kuwa shi ma abin lura ne.

In nufin harbin shi ne a kwantar da tarzoma, to, akasin haka aka samu. Ɗaruruwan jami'o'i da kwalejoji suka rufe, aka ƙiyasta ɗalibai miliyan 4 sun shiga yajin karatu. Kwamitin binciken da Nixon ya naɗa da kansa ya ce harbin Kent ba shi da dalili, ba shi kuma da uzuri. Duk da haka, da aka tambayi ra'ayin jama'a a lokacin, 58 cikin 100 ɗaliban suka ɗora wa laifi. Ginin nan da aka ƙone ya riga ya cinye musu tausayin da ya kamata su samu.

Masu tarihi sun saɓa a kan ko zanga-zanga ta gaggauta ƙarshen yaƙin, wanda ya ci ran Amurkawa fiye da 58,000, ban da miliyoyin mutanen Biyetnam. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne, a 1971 an gyara tsarin mulki an rage shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18, bisa hujjar cewa wanda ya isa a kai shi bakin daga ya isa ya zaɓi mai kai shi. A 1973 kuma aka daina ɗaukar soja a kan dole. Amma Nixon ɗin nan da ɗalibai ke ƙi ya sake cin zaɓe a 1972, da jihohi 49 cikin 50.

Komawa Ga Bukata Guda

Ɗaliban da suka biyo baya kamar sun ɗauki darasi. Da suka tashi yaƙar mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, sai suka nemi abu guda wanda ke hannun jami'arsu, watau ta janye jarinta daga kamfanonin da ke hulɗa da ƙasar. Kwalejin Hampshire ta fara a 1977. A watan Afrilu na 1985 ɗaliban Kolambiya suka yi mako uku a zaune a ƙofar wani gini, a watan Oktoba jami'ar ta amince. Waɗansu suka kakkafa bukkokin kwano da kwali a tsakar jami'o'i don a ga irin muhallin baƙaƙen Afirka ta Kudu. A 1986 jami'ar Kalifoniya ta yanke shawarar janye kimanin dala biliyan 3, a shekarar kuma majalisar dokokin tarayya ta sa wa Afirka ta Kudu takunkumi, ko da yake Shugaba Reagan ya hau kujerar na-ƙi. Da aka saki Nelson Mandela a 1990, ya je Kalifoniya ya yi godiya da bakinsa.

Haka kuma a watan Maris na 1988, a jami'ar Gallaudet ta kurame da ke Washinton, wadda ta yi fiye da shekara 120 ba kurma ya taɓa shugabantarta, aka sake naɗa mai ji. Ɗalibai suka rufe ƙofofi, suka miƙa bukatu huɗu a rubuce. Cikin mako guda aka biya su duka, aka naɗa I. King Jordan, kurma na farko a kujerar.

Gardamar dai ba ta mutu ba. A watan Afrilu na 2024 ɗaliban Kolambiya suka kafa tantuna suna neman jami'ar ta janye jari daga kamfanonin da ke da alaƙa da Isra'ila saboda yaƙin Gaza. Shugabar jami'ar ta kira 'yan sanda aka kama fiye da 100, maimakon abin ya lafa sai ya bazu, har waɗanda aka kama a faɗin ƙasar suka haura 3,000. Waɗansu ɗalibai Yahudawa sun yi kukan ana tsangwamarsu, waɗansu Yahudawan kuwa suna cikin tantunan. A jami'o'i irin su Brown da Northwestern hukuma ta zauna da ɗalibai aka yi yarjejeniya, suka kwashe tantunansu da kansu. A Kolambiya kuwa an kai ga fasa ƙofar gini da sake shigowar 'yan sanda, shugabar ta yi murabus a watan Agusta, a 2025 kuma gwamnatin Shugaba Trump ta tsayar wa jami'ar da tallafin dala miliyan 400.

Abin Da Tarihin Ya Nuna

To, mai karatu ya ji yadda abin ya gudana cikin shekara fiye da 250. In aka komo ga tambayar da muka fara da ita, tarihin Amurka ya nuna cewa hana ɗalibi tunanin ƙasarsa abu ne da ba a taɓa iyawa ba. Hukumar Lane ta gwada ta rasa ɗalibanta, ta Fisk ta gwada ta rasa shugabanta, ta Berkeley ta gwada malamanta suka juya mata baya. Abin da ya rage a hannun manya shi ne yadda za su karɓi maganar in ta zo, ko da kunne, ko da kulki. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, gaskiya ne kuwa sau da yawa. Amma a kan bauta, da wariya, da ƙuri'a, yaran ne suka riga manyan hangowa, kuma yau Amurka tana girmama su, har wani yanki na kantar Greensboro yana ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Washinton.

Su kuma ɗalibai, ƙarfinsu bai taɓa zama na damtse ba, gama hukuma ta fi su wannan nesa ba kusa ba. Ƙarfinsu shi ne jama'ar gari su dube su su ce yaran nan suna da gaskiya. Waɗanda suka kiyaye wannan, suka yi shiri tun da wuri, suka san abin da suke nema har suna iya rubuta shi a takarda guda, su ne suka canja dokokin ƙasarsu. Waɗanda suka yi wasa da shi kuwa sun miƙa wa abokan gabarsu sandar dukansu. James Lawson, wanda jami'ar Vanderbilt ta kora a 1960 saboda darussan nan nasa na dare, ita ce kuma ta kira shi ya koyar a cikinta a 2006. Mai haƙuri, in ji masu iya magana, shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.